Sabulu a Tankin Jirgin Pak Adnan

Taman Melati,
Kuala Lumpur.
Litinin, 17 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Ado,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ɗelu da yara da duk mutanen gida. Ya jikin Umma? Hureira ta gaya mini ƙafar ta yi sauƙi har tana takawa zuwa islamiyya da kanta. Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar mana ita. Ya gareji, ya mutanen Ƙofar Ruwa? Allah ya sa albarka a cikin nema, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na wuta. Mu nan lafiyar jiki alhamdu lillahi. 'Yarmu Kamila ta shiga shekara ta biyar, in ka yi mata Hausa sai ta amsa maka da Malayanci, kuma duk abin da aka sa ta sai ta ce boleh, wato za ta iya, ko da ba ta da niyyar yi. Ƙaninka ya kusa gama rubutun digirinsa, malaminsa ya ce saura babi ɗaya. Damina muke ciki, ko da yake har yau ban ga watan da ba damina ba ne a garin nan.

Na ce lafiyar jiki, don ta zuciya ba na ce ba. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Gidan da muke ciki ɗan ƙarami ne, in na yi magana a kicin ana ji a ɗaki. Kai kuma na san halinka, saƙon murya ba ya wuce minti ɗaya a kunnenka sai wani ya kira ka a miƙo sifana, shi ke nan ka manta. Shi ya sa na zauna na rubuta yanzu da ƙaninka ya tafi makaranta, zan ɗauki hoton takardun in tura ta wayar Yaya Ɗelu. Don Allah ka zauna ka karanta har ƙarshe. Wannan ita ce ta uku da na fara, biyu na yayyaga. In na rubuta layi biyu sai in tashi in leƙa taga, in buɗe tukunyar da babu kome a ciki, in dawo. Kuma ka shirya, don kana da naka kason na laifi a cikin maganar nan. Ni 'yar Gwaggonka ce, ina da damar faɗa maka ko da ka girme ni.

Ka tuna lokacin da nake kai muku abinci gareji ina 'yar shekara goma, ƙaninka yana koyon aiki a wajenka in an yi hutun makaranta? Akwai ranar da wani direban Gumel ya zo da motarsa tankin mai yana ɗiga, fasinja cike. Ka yanki sabulun wanki, ka murza shi a hannu har ya yi laushi, ka shiga ƙarƙashin motar ka dame wurin da shi. Ɗigar ta tsaya cak. Ni a lokacin gani nake sihiri ne. Ka fito kana goge hannu, ka riƙe ƙofar motar ka hana direban rufewa, ka ce masa sabulun nan gida kawai zai kai shi, gobe ya dawo a yi walda, in kuwa bai dawo ba kada ya ce Ado ne ya gyara masa. Sai da ya maimaita da bakinsa sannan ka saki ƙofar. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kai.

Na san ƙaninka ya sha ba ka labarin tsohon nan mai ƙera jirgi, amma bari in faɗa maka yadda ni na san shi. Sunansa Pak Adnan, Bamalaye ne, shekararsa sittin da takwas, ya yi ritaya daga aikin gyaran jirgin ƙasa, kuma yana da takardar tuƙa ƙananan jiragen sama tun yana matashi. Shekara biyu da suka wuce motarsa ta ƙi tashi a bakin masallacin Kampung Baru bayan Juma'a, ƙaninka ya kasa wucewa, ka san shi da inji. Ya kara kunne, ya taɓa waya biyu, mota ta tashi. Tsoho ya ja shi gida cin abinci, ya kai shi ƙarƙashin gidansa, irin gidajen katakon nan da ake ɗorawa a kan turaku, ya ɗaga wani tamfol. Sai ga jirgin sama mai kujera biyu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana haɗawa da hannunsa. Injin ma na wata tsohuwar mota ne, irin wanda ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Tun daga ranar na rasa mijina duk Asabar. Ban yi kuka da haka ba, don mutanen nan sun riƙe mu riƙon jini. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure can Sabah. Tsoho ba ya kiran ƙaninka sai da anak, wato ɗana, in kuma zai kira suna ya ce Shafi'i. Matarsa Mak Cik Sharifa ita ta zauna da ni a asibiti bara da na yi ɓari, ita ta gasa mini jiki da na dawo gida, abin da Gwaggonka za ta yi da tana kusa.

A watan Agusta aka kwance fikafikan jirgin aka ɗauke shi zuwa wani ƙaramin fili na masu sha'awar irin wannan abu, tafiyar awa ɗaya daga gari. Masu dubawa suka zo suka duba, takardu suka kammala. Aka shiga tayar da inji a ƙasa, a ɗaure jelar jirgin a jikin turke a ba shi wuta na tsawon lokaci. A nan matsala ta fara. Warin fetur ya ƙi barin jirgin, allurar gejin da ke nuna ƙarfin turin mai kuma ta riƙa rawa in an ba da wuta sosai. Ni ma na sani ba sai an gaya mini ba, don ni ke wanke kayan. Pak Adnan ya ce famfon mai ne, a canza. Daga nan muka shiga watan famfo. Yaya, na ji maganar famfo a kan tuwo, na ji a kan shayi, na ji a cikin jirgin ƙasa muna tsaye muna riƙe da ƙarfe. Yau ko kai ka kira ni aiki gareji ba zan ba ka kunya ba.

Tsoho yana son wani ƙaton famfo irin na motocin tsere, wai gara ya yi yawa da ya gaza. Ƙaninka ya lallaɓa shi da cewa gaskiya injin nan mashayin mai ne, amma famfon da ya fi ƙarfin bukata zagaya man zai riƙa yi yana mayar da shi tanki, yana ɗumama shi, a zafin garin nan kuwa fetur in ya ɗumama tururi yake zama, famfo kuma ba ya tura tururi. Ya ce a sa madaidaita guda biyu, kowanne da wayarsa da makunninsa, in ɗaya ya mutu a sama ɗaya ya karɓa. Kowanne a sa masa ɗan bawul mai hana mai komawa baya, don kada mai aikin ya riƙa zuba wa na hutun. A ɗaura su can ƙasa da tanki yadda mai zai gangaro musu da kansa, don famfon lantarki gwanin turawa ne amma rago ne wajen zuƙa. Filta mai manyan ƙofofi kafin famfo, mai ƙanana bayansa. Ka ga dai na haddace. A kan wannan ya iya yi wa tsoho musu, don famfo kanti ne ya yi shi, ba hannun tsoho ba. Suka yi ta yawon shaguna, ni suna ajiye ni a Chow Kit in sayi kuɓewa da nama, har suka samu waɗanda suka yi musu. Aka ɗaura, aka canza tiyo gaba ɗaya, aka tayar. Wari yana nan, allura tana rawarta.

Sai hodar Kamila ta ɓata. Na bincike gidan nan kaf, har na yi wa yarinya faɗa a banza. Ashe Abbanta ne ya ɗauka. Fetur ɗin mota suke sa wa jirgin, ba shi da launi, in ya tsattsafo kuma nan da nan yake bushewa, ba ka ganin inda ya fito. Sai ya barbaɗe duk mahaɗar tiyo da hoda ranar da tsoho ya je asibiti auna jini, ya zauna yana jira ya ga inda farin zai jiƙe. Ba famfo ba ne, ba tiyo ba ne. Akwai wani ɗan ƙaramin tanki na alminiyam, bai fi tukunyar miya ba, da yake tara man da ke gangarowa daga fikafikai kafin ya shiga famfo. Pak Adnan da kansa ya yi waldarsa, kuma duk baƙon da ya zo shi yake fara nuna masa. To, a bayansa, inda hannu yake kaiwa amma ido ba ya kaiwa, waldar ta tsage siriri kamar gashi, girgizar inji ce ta buɗe ta. In inji yana kashe mai ya tsattsafo, in famfo ya ja kuma iska ta shiga ta nan, shi ya sa allura take rawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali da na ji, bututun salansa yana ƙasa da wurin da tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, kuma salansar irin wannan inji ja take yi wur in ta ɗauki zafi.

Kowa ya ji wannan zai ce to ai an gama, sai a gaya wa mai jirgi. Ba ka san ƙaninka ba ke nan, ko kuwa ka fi kowa saninsa. Wannan mutumin da ko Umma ta zuba gishiri sau biyu a miya zai cinye ya ce ta yi daɗi. Hannun tsoho ya fara rawa, in ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafe da ɗayan, kowa yana gani kowa yana kau da kai. A ce masa waldarsa ta tsage, a ganin ƙaninka, daidai yake da a ce masa ya tsufa. Ga shi ranar Lahadi biyu ga wata abokan tsoho za su zo kallon jirgi, ƙaninka yana tsoron su tarar da ɗiga a ƙasa. Sai ya je wajen wani mai walda a Setapak da awon tankin, ya ce a yi masa sabo sak irinsa, da nufin ya shafa masa fenti iri ɗaya ya musanya a ɓoye, tsoho ya mutu bai sani ba. Kafin sabon ya fito kuma, ya shigo kicin ɗina ya ga sandar sabulun wankin da Yaya Ɗelu ta sako mana a kayan da Malam Bahauddeen ya taho da su, ya yanki rabi.

Ni na gano ne ranar Litinin, kafin zuwan abokan, da zan yi wanki, na ga an raba sabulu biyu, ga shatin yatsu baƙaƙe a jiki. Da ya dawo na tambaye shi, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta rashin gaskiya, ya kwashe duka ya gaya mini. Ya ce na kwana kaɗan ne. Na yarda, don a lokacin ba a sa ranar tashi ba. Abin da bai lissafa ba shi ne sabulun zai yi aiki fiye da yadda ake so. Wari ya ɗauke, allura ta tsaya ƙyam. Tsoho ya yi ta murna, ya ce famfunan ne suka zauna daidai, ya rungume ƙaninka a gaban abokai ya ce ɗansa ne ya zaɓa. A take ya sa rana, Asabar takwas ga wata zai ɗaga jirgi da kansa. Mai walda kuwa ya ce tanki sai mako na sama, aiki ya yi masa yawa.

Ranar Alhamis bayan Magariba suka yi walimar addu'a a gidan, kamar yadda suke yi in mutum zai fuskanci babban abu. Unguwa ta taru, liman ya ja addu'ar neman tsari, maza a sama, mu mata a wajen girki. Ina zaune da farantin shinkafa a cinya na kasa haɗiye ko loma ɗaya. Mak Cik Sharifa tana ta ƙara mini nama tana cewa makan, makan, wato in ci, har tana tsokanata ko wani cikin ne ya hana ni. Ina jin amin ɗin mutane tana saukowa ta tsakanin katakon bene, na san abin da ke bayan tankin nan, ƙaninka ma yana can sama a cikin sahu ya sani, ya ɗaga hannu yana amin tare da su. Wallahi Yaya ban taɓa jin kunyar Allah irin ta ranar ba.

Ranar Juma'a na tare shi. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya ce tashin bai fi na minti goma sha biyar ba, zagaye uku ne a kan fili a sauka. Ya ce ranar Laraba ya zura hannu ya ji wurin a bushe ƙamas. Ya ce fetur ba ya narkar da sabulu, kuma ya sha ganin sabulun Yaya ya kai mota Maiduguri ya dawo da ita. Ya ce yanzu da aka yi walima aka tara unguwa, da wane baki zai ce a fasa. Na bar shi ya gama, sannan na ce shi inji ya sani, ni kuwa sabulu na sani. Sabulun Kano a Kano yake zama dutse, ka ajiye shi wata uku a kan katanga sai ka sa guduma. A nan fa? Na ja shi banɗaki na nuna masa rabin da ya rage, ko ruwa bai taɓa ba amma yana gumi yana naso, yatsa yana shiga. Garin da takalmi ke yin fumfuna a cikin durowa, garin da shanya take kwana uku ba ta bushe ba. Rumfar da jirgin yake ciki rufi ne kawai babu bango, tun Laraba kuma ake ruwa da iska kullum da la'asar. Fetur ba zai narkar da shi ba, na yarda, amma raɓa fa? Ya daɗe yana kallon sabulun. Ya ce gobe a mota zai gaya wa tsoho, ya yi mini alkawari.

Da safe zan fita na ɗauki rabin sabulun na naɗe a leda na jefa a jaka. Ban san me zan yi da shi ba, hannuna ne kawai ya ɗauka. Shi ya shiga motar tsoho su biyu, ni da Kamila da Mak Cik Sharifa muka bi motar maƙwabta. Awa ɗaya cur suna tare. Da muka isa na dubi fuskarsa sau ɗaya na san bai faɗa ba. Ya yi ƙoƙarin ya ce a buɗe murfin inji ya ƙara dubawa, tsoho ya ce ai an duba Laraba, ba abin da aka taɓa tun lokacin, ga mutane suna jira, hadari kuma zai haɗo kafin azahar. Aka turo jirgi waje. Tsoho ya zagaya shi yana taɓa fiffike, yana leƙa taya. Sannan ya tsaya a gaban ƙaninka ya tambaye shi a bushe yake? Yaya, ina tsaye ina gani, mijina ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu.

Mak Cik Sharifa ta gyara wa mijinta wuyan riga, ta dawo ta tsaya kusa da ni ta kama hannuna. Hannunta sanyi ƙalau. Wannan hannun ne ya riƙe ni a asibiti. Na dubi ƙaninka, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Tsoho ya yi bismillah ya ɗora ƙafa a kan fiffike. Ban san lokacin da na saki hannunta na taka gaba ba, cikin maza kusan ashirin, da ɗan Malayancin da na koya a wajen masu kifi.

Na ce, "Pak Cik, kada ka hau. Tankin yana yoyo, sabulu ne a jiki."

Ban tabbata kalmomin sun fito daidai ba, sai na zaro ledar na buɗe na miƙa masa. Ya dubi sabulun, ya dube ni, ya juya ya dubi ƙaninka. Ya sauke ƙafarsa ya ce a kawo sukundireba. Shi da kansa ya kwance murfin, hannu yana rawa, ba wanda ya yi ƙarfin halin taya shi. Ƙaninka ya matso ya nuna masa wurin da yatsa. Tsoho ya zura hannu bayan tankin ya fito da shi. Sabulun ya zama kamar man shanun da aka bari a rana, ya zame daga kan tsagar, fetur yana bin tsintsiyar hannunsa yana ɗiga daga gwiwar hannu. Ko tayar da inji ba a yi ba. Muka bi ɗigar da ido, ta jiƙa bututun salansa sharkaf. Abokansa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kara waya a kunne, wancan ya tafi duba motarsa. Tsoho ya shinshina yatsunsa, ya goge a wando, ya yi magana a hankali da Turanci don kada ƙaninka ya kasa fahimta.

Ya ce, "Shafi'i, ka gwammace ka yi mini sallar gawa da ka ce mini waldata ba ta yi ba?"

Yau kwana tara ke nan. Ƙaninka bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ranar da muka dawo, a bakin ƙofa yana cire takalmi ya ce na yi daidai, tun daga nan ban ƙara jin doguwar magana daga bakinsa ba. Ya gaishe ni, ya tsakuri abinci, ya buɗe kwamfuta ya zuba mata ido, babin nan ko layi bai ƙaru ba. Juma'a a masallacin makaranta ya yi, ya ƙi Kampung Baru. Ranar Laraba ya karɓo sabon tankin, ya naɗe shi da jarida ya ajiye a bayan ƙofar falo, yana nan har yanzu, Kamila ta mayar da shi kujera. Ni kuwa zama ya gagare ni. Na goge kicin sau uku jiya. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake zan sake faɗa, amma na tona mijina a gaban maza, a ƙasar mutane, kuma wannan ma abu ne da yake cin raina. In na tuna hannun Mak Cik Sharifa sai in ji na yi daidai, in na ga bayansa yana zaune shiru sai hawaye ya zo mini.

Jiya Lahadi da hantsi, ƙaninka yana laburare, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mak Cik Sharifa ce, ita kaɗai, ta hawo jirgin ƙasa da ciwon gwiwarta, ta taka bene hawa huɗu, da ƙullin abinci a hannu. Ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Da ta huta ta gaya mini abin da ya ƙara dagula mini lissafi. Ta ce tsoho ya faɗa mata tun watan Satumba zuciyarsa take raya masa waldar ce, don ya san yadda hannunsa yake ranar da ya yi ta. Ya yi ta ɗora wa famfo laifi ne saboda ba ya son ya zura hannu bayan tankin ya ji. Yana ta jira ɗansa ya faɗa masa, don in daga bakinsa ne zai iya ɗauka. Ka ji fa, Yaya. Wannan yana jin nauyin wancan, wancan yana jiran wannan, fetur yana ta ɗiga a tsakaninsu. Ta ce ya kyautar da kayan waldarsa ga maƙwabci. Ta ce ba sabulun ne ya ƙona masa rai ba, har dariya ya yi daga baya ya ce bai taɓa jin wannan dabarar ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne wanda yake kira ɗa ya yi masa kara irin wadda ake yi wa baƙo. Ba zai kira waya ba, ta san mijinta. Amma ya bar murfin injin a buɗe yadda yake, ya gaya wa mutanen fili kada wanda ya taɓa, akwai mai zuwa ya ƙarasa. Kullum da safe sai ya ce ta duba ko ƙofar gida a buɗe take. Da za ta tafi ta ga abin da ke bayan ƙofa, ta ɗaga gefen jaridar, ta mayar ta rufe.

Da ƙaninka ya dawo na gaya masa duka. Ya rufe fuska da hannu, ya ce da wane ido zai kalli tsoho. Na ce da wanda ya kalle shi ya ce in sha Allahu. Na san na yi zafi, ya tashi ya shiga ɗaki. Saura mana wata huɗu a ƙasar nan, Yaya. Ba na son mu haɗa kaya mu tafi tankin nan yana bayan ƙofa, tsoho ɗan shekara sittin da takwas yana tambayar ko an bar gida a buɗe. In muka tafi a haka ƙaninka ba zai ƙara riƙe sifana da daɗin rai ba, na san shi.

Shi ya sa na zo gare ka. Ni matarsa ce, na riga na faɗi tawa a inda bai kamata a ji muryata ba, yanzu duk abin da na ce zafi yake ƙara masa. Kai ne wanda in ka ce ya tashi ba ya tambayar dalili. Ka kira shi, amma don Allah kada ka yi masa tsawa, kuma kada Umma ta ji. Ka tuna masa direban Gumel. Ƙaninka yana tsaye a wurin ranar, ya ga yadda ka murza sabulu, ya koya tsaf har ya tsallaka teku da shi. Abin da ya bari a Ƙofar Ruwa shi ne yadda ka riƙe ƙofar motar ka ƙi saki sai da mutumin ya ji gaskiya, kuma mutumin nan ya girme ka, da furfura a gemunsa. Kai ka koya masa rabin aikin, sai ka ƙarasa masa sauran. Ka riƙe masa ƙofa har ya maimaita da bakinsa cewa zai ɗauki tankin nan ya kai Kampung Baru.

Ka gaishe mini da Umma da kyau, ka ce ina neman addu'arta, ba sai ka faɗi dalili ba. In ka je Gwammaja ka gaishe da Gwaggonka, ka ce jikarta tana tambayarta. Ina gaida Hureira da maigidanta, da Hussaini, da Zahraddeen, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Malam Abdulbaƙi na gareji in har yanzu yana nan yana faɗa da masu Keke Napep. Kamila ta ce a gaishe da Baba Ado, ta ce wai boleh ka zo. Yaya Ɗelu kuma, na san ke za ki fara karantawa kafin ki miƙa masa, na gode da kayan, kuka da daddawar sun iso lafiya. Sabulun ne dai kada ki ƙara sakowa. Rabin yana cikin jakata har yau, ya narke ya ɓata mini ledar, na kasa wanki da shi, na kuma kasa yarwa.

Ina jiran in ji wayarsa ta yi ƙara. Wassalam.

Ƙanwarka,
Hannatu